Sabuwar kwamfutata ba ta ganin akwatin ajiya a netwok na gida: in kunna SMB1?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da akwatin ajiya na NAS a gida, a ciki muke zuba hotunan iyali da bidiyo da takardun aikina. Ya yi shekaru yana aiki lafiya. Da na sayi sabuwar laftof mai Windows 11, na buɗe Network sai ban gan shi ba. Tsohuwar kwamfutar ɗakin yara tana ganinsa, talabijin ma yana kunna bidiyo daga cikinsa. Sabuwar kuwa wani lokaci takan nuna lamba 0x80070035, wani lokaci ta nemi kalmar sirri, in sa ta ce ba ita ba ce. Wani mai gyara ya ce in kunna SMB1 kawai a wuce wurin. In kunna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka kunna tukuna. SMB1 tsohuwar siga ce ta yaren da kwamfutoci suke musayar fayil da shi. Mai yiwuwa ne in ka kunna akwatin ya bayyana nan take, ka ce mai gyaran ya iya aiki, amma maganin ya fi ciwon haɗari, kuma kusan kullum akwai wata hanya. Zan zo kan dalilin a ƙasa.

Abin da ya kamata ka fara rabewa shi ne, ganin na'ura daban, shiga cikinta daban. Mutane suna haɗa su wuri ɗaya saboda duk a taga ɗaya suke faruwa, amma a cikin kwamfuta ayyuka biyu ne da ba su da hanya ɗaya. Jerin nan da kake gani a Network aikin mai shela ne: kowace na'ura tana ta kiran "ga ni nan, sunana wane", kwamfutarka kuma tana saurare tana jera waɗanda ta ji. Shiga folda kuwa zuwa ƙofar gida ne ka yi sallama da adireshi a hannunka. In mai shela ya kwanta rashin lafiya, gidan yana nan inda yake, ƙofarsa ma ba ta rufe ba. Mafi yawan masu kawo mini wannan ƙorafi, akwatinsu lafiya lau yake, shelar ce kawai ba ta isa kunnen sabuwar kwamfutar ba.

Saboda haka gwajin farko shi ne ka je ƙofar da kanka. Nemo adireshin IP na akwatin. Hanya mafi sauƙi ita ce ka shiga shafin rautarka ta burauza, ka duba jerin na'urorin da ke haɗe da ita, za ka ga sunan akwatin da lamba a gefensa, wani abu kamar 192.168.1.50. Sai ka koma kan laftof, ka danna maɓallin Windows tare da R, a ƙaramin akwatin da zai fito ka rubuta:

\\192.168.1.50

Ka sa lambar taka a wurin wannan, kuma ka lura layukan nan biyu na farko masu jirkicewa baya ne. Abu uku ne zai iya biyowa: ko foldoji su buɗe, ko kwamfutar ta yi ta juyawa daga ƙarshe ta ce ba ta sami hanya ba, ko kuma ta isa amma a hana ta shiga. Kowanne da ciwonsa, kuma wanda bai yi wannan gwaji ba kafin ya fara taɓa saiti, lalube yake a duhu.

In foldojin sun buɗe, to ka huta, matsalarka ta shela ce kawai. Ga yadda aka yi aka zo nan. Shekara da shekaru Windows tana cika jerin Network ne ta wani tsohon tsari mai suna Computer Browser, wanda ya dogara da NetBIOS da kuma SMB1. SMB shi ne yaren da kwamfutoci suke yi da juna wajen musayar fayil. An ƙirƙiro shi a IBM a 1983, Microsoft ta ɗauka ta faɗaɗa, ta fitar da SMB2 tare da Windows Vista, sannan SMB3 a 2012 tare da Windows 8. Daga Windows 10 sigar 1709, wadda ta fito a ƙarshen 2017, Microsoft ta fara janye SMB1 daga sabbin kwamfutoci, kuma da ya tafi sai tsohon mai shelar ya bi shi. A 2018, sigar 1803 ta cire HomeGroup ma. Abin da ya rage wa Windows na gano maƙwabta shi ne wani tsari mai suna WS-Discovery, wanda ke kira ta ƙofa mai lamba 3702. Duk akwatin da bai iya wannan kiran ba, ko aka bar shi a kashe, sabuwar Windows ba za ta sa shi a jeri ba, ko da suna kan tebur ɗaya.

Wannan ne ya sa ganin da tsohuwar kwamfutar yara take yi masa bai zama hujja ba. Wataƙila ita har yanzu SMB1 na kunne a cikinta tun zamanin da aka saye ta. Talabijin kuwa ma ba ya cikin wannan lissafi kwata-kwata, don shi da yaren DLNA yake neman bidiyo, yana shelarsa ta SSDP a ƙofa 1900. Na'urorin Apple su kuma da Bonjour suke aiki, wato mDNS, a ƙofa 5353. Akwati ɗaya ne, amma kowa da yaren da yake jin sa da shi. Abin da talabijin ɗin ya tabbatar mana kawai shi ne akwatin yana kunne kuma yana kan netwok, wannan ma ba ƙaramin labari ba ne.

Gyaran ɓangaren shela ba shi da wuya. Fara da laftof. Windows 11 tana ɗaukar duk sabon waifai da ka shiga a matsayin na jama'a, wato Public, kamar kana filin jirgin sama, sai ta toshe kunne ta rufe baki. Ka shiga Settings, Network & internet, ka buɗe bayanan waifan gidanka, ka mayar da shi Private. Daga nan ka je Advanced sharing settings ka kunna Network discovery. Sannan ka danna Windows da R, ka rubuta services.msc, ka nemo ayyuka biyu masu farawa da Function Discovery. Wanda ake kira Provider Host shi ne kunne, da shi kwamfutarka take jin wasu. Resource Publication kuma shi ne baki, da shi take sanar da kanta ga wasu. Ka mayar da su duka Automatic ka tashe su. Sau da yawa za ka tarar an bar su a Manual, shi ya sa kwamfuta takan bayyana yau gobe ta ɓace. A ɓangaren akwatin kuma, ka shiga shafinsa ka nemi inda ake kunna WS-Discovery. A na Synology yana ƙarƙashin File Services, a shafin Advanced. In kuwa akwatin naka haɗin gida ne, Linux da Samba, wato manhajar da ke raba fayil da yaren SMB, to ka sani Samba ba ta yin wannan shelar da kanta, sai an ɗora mata wata ƙaramar manhaja mai suna wsdd.

Ni dai a nawa aikin, gaskiya ban cika ɓata lokaci a kan jerin Network ba. Ko ka gyara shi yau, wata sabuntawa ko wata rauta mai taurin kai za ta sake ɓata shi. Abin da nake yi wa mutane shi ne in buɗe This PC, in zaɓi Map network drive, in ba foldar harafi kamar Z, in sa alamar a sake haɗawa duk lokacin da aka kunna kwamfuta. Daga ranar sai ta zama kamar wani diski a cikin kwamfutar, uwargida ma ba ta buƙatar sanin komai game da netwok, Z kawai za ta buɗe. Amma wannan dabara tana da sharaɗi guda, adireshin akwatin ya zauna wuri ɗaya, kuma nan ne muke shan wahala a ƙasashen da wuta take zuwa tana tafiya.

Rauta ce take raba adireshi, kuma aro take bayarwa, ba kyauta ba. Rautoci da yawa na gida, musamman ƙananan MiFi, in aka ɗauke wuta suka mutu, sukan manta wa suka ba wace lamba. Da wuta ta dawo, wanda ya riga tashi shi zai karɓi lambar farko. Waya tana tashi cikin daƙiƙu, akwatin ajiya kuwa sai ya ɗauki minti biyu ko uku yana juya faifansa. Kafin ya gama shiri wayar ɗanka ta ɗauke 192.168.1.50, shi an miƙa masa 53. Z ɗinka kuma tana can tana sallama a ƙofar da ba kowa. Wannan shi ne asalin ciwon "jiya yana yi, yau ba ya yi" a gidaje da yawa. Maganinsa a shafin rauta yake, inda aka rubuta Address Reservation ko DHCP Reservation: ka ɗaure lambar MAC ta akwatin, wato lambar shaidar da kowace na'ura take zuwa da ita, da adireshi ɗaya har abada. In rautar ba ta da wannan, ka sa wa akwatin adireshi na dindindin daga cikin nasa saitin, amma ka zaɓi lambar da ba ta cikin waɗanda rauta take rabawa, kada wata rana na'urori biyu su yi karo a lamba ɗaya. In kana so ka ɗaure waya ko laftof ma haka, ka tuna wayoyin zamani, tun daga Android 10 da iOS 14, suna ɓoye ainihin lambar MAC ɗinsu su ba da ta bogi, sai ka kashe wannan a kan waifan gida kaɗai.

To in gwajin adireshi bai buɗe komai ba fa, ta yi ta juyawa ta ce ba hanya? Buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig, ka dubi layin IPv4 Address. Kwatanta shi da adireshin akwatin. A netwok na gida, kashi uku na farko dole su zama iri ɗaya. In laftof tana 192.168.1.20 akwati yana 192.168.1.50, unguwarsu ɗaya. In ɗaya yana 192.168.0 ɗayan yana 192.168.8, to ba netwok ɗaya suke ba, ko da suna shan intanet daga rijiya ɗaya. In kuma ka ga lamba mai farawa da 169.254, ma'anarta kwamfutar ta nemi adireshi ba wanda ya amsa mata, sai ta laƙaba wa kanta. Wannan matsalar kebul ce ko ta rauta, ba ta akwati ba.

Na taɓa zuwa wani gida da wannan ya cinye wa maigidan mako biyu. Yana da rautar kamfanin waya mai ɗaukar layi, tana falo kusa da taga saboda nan ne sabis ya fi ƙarfi. Da waifai ya ƙi kaiwa ɗakunan baya, sai ya sayo rauta ta biyu, aka ja kebul ta saman silin, aka cusa shi a ramin nan mai launi daban da aka rubuta WAN a ƙasansa. Intanet ya kai ko'ina, kowa ya yi murna. Akwatin ajiya da firinta suna ɗakin karatu a jikin ta biyu. In ya zauna a ɗakin karatu komai na aiki, in ya ɗauko laftof ya dawo falo don ya sha iska, komai ya ɓace. Ya sake Windows sau biyu, har ya fara zargin an sayar masa da jabun laftof. Na zauna a tabarmar falon na buga ipconfig, na tashi na je ɗakin karatu na sake bugawa, lambobi biyu daban suka fito. Rauta ta biyu ta kafa tata daular ne, tana ɗaukar duk abin da ke falo a matsayin baƙo daga waje, tana tare shi a ƙofa. Gyaran bai kai minti biyar ba: muka mayar da ita Access Point mode, wato ta riƙa ba da waifai kawai, ta bar wa ta farko raba adireshi. A rautar da ba ta da wannan zaɓi, sai a kashe DHCP ɗinta, wato aikin raba adireshi, a ba ta adireshi a cikin unguwar ta farko, a zare kebul daga WAN a mayar ramin LAN. Tun da Starlink ta shigo Najeriya a farkon 2023 na ƙara yawan ganin irin wannan, don mutane suna jona tsohuwar rautarsu a bayan tata ba tare da sun kashe ɗaya daga cikin biyun ba.

Ɗan'uwan wannan ciwo shi ne waifan baƙi. Rautoci da yawa suna fitar da suna na biyu mai ɗauke da Guest, wanda aka gina shi musamman don baƙo ya sami intanet amma kada ya ga kayan gida. In ranar da ka kawo laftof ɗin wani ya sa maka kalmar sirrin na baƙi, ko kuma ta haddace duka biyun tana tsalle tsakaninsu, to ga dalilin da ya sa abin yake canza fuska. Akwai kuma wani saiti mai suna AP Isolation ko Client Isolation da ke hana na'urorin waifai ganin juna. Ka tabbata a kashe yake. Sannan VPN: in na wurin aiki ne ko wanda ka ɗora don wata buƙata, da yawansu suna kwashe duk zirga-zirgar kwamfuta su tura ta rami, har da wadda ya kamata ta tsaya cikin gida. Kashe shi ka sake gwadawa. Haka manhajar riga-kafin da aka ɗora maka a shago, wasunsu suna zuwa da katangar tsaronsu daban da ta Windows, kuma su ma sukan ɗauki gidanka a matsayin wurin jama'a.

Don ka yanke shakka, buɗe PowerShell ka rubuta:

Test-NetConnection 192.168.1.50 -Port 445

Ƙofa 445 ita ce ƙofar SMB. In layin TcpTestSucceeded ya nuna True, hanya a buɗe take tun daga laftof har bakin ƙofar akwatin, ka daina zargin rauta da kebul. In ya nuna False amma ping, wato gwajin ko na'ura tana amsa kira, ya yi nasara, to akwatin yana nan amma sabis ɗin SMB a kashe yake a cikinsa, ko wata katanga ta tare ƙofar. Na fi yarda da wannan gwaji a kan ping, don na'urori da yawa ba sa amsa ping alhali lafiyarsu ƙalau.

Yanzu ga wanda na fi zargi a lamarinka, wato ka isa ƙofa an hana ka shiga. Lambar nan 0x80070035 fassararta ita ce ba a sami hanya ba, amma takan yi ƙarya. Windows tana fitar da ita har a lokacin da hanya take buɗe, ita ce da kanta ta ƙi shiga saboda sharuɗɗan tsaro. Danna Windows da R ka rubuta winver. In ka ga 24H2 ko sama da haka, kuma Pro ce, to abu biyu sun canza a kanka. Na farko, ta daina yarda ta shiga folda a matsayin baƙo marar suna da kalmar sirri. Wannan doka ta fara ne tun 1709 a kan Enterprise da Education, sai a 2024 ta sauko kan Pro. Na biyu, ta wajabta sa hannu a kan kowane saƙon SMB, don kada wani ya tsaya a tsakiya ya sauya abin da ake aikawa. Shigar baƙo kuwa ba ta iya ɗaukar sa hannu, don babu kalmar sirrin da za a ƙulla shi da ita. Saboda haka duk akwatin da aka bar foldarsa a buɗe don kowa ya shiga, wanda shi ne yadda yawancinmu muke saita na gida, sabuwar Windows za ta juya masa baya. Tsohuwar kwamfutar yara ba ta san da wannan doka ba, shi ya sa take shiga abinta.

Za ka tarar da masu ba da shawarar a kashe dokokin biyu da umarni a PowerShell, kuma yana aiki. Ban ba ka shawarar haka ba, musamman a laftof da za ka riƙa fita da ita otal da ofis da jami'a. Abin da ya fi shi ne ka shiga shafin akwatin ka buɗe wa kanka asusu mai suna da kalmar sirri, ka ba shi izinin foldojin da kake so, ka duba saitin SMB ka sa mafi ƙarancinsa SMB2, mafi yawansa SMB3, ka kuma bar sa hannu a yadda zai amsa in an nema. In akwatin ya daɗe ba a sabunta manhajarsa ba, fara da wannan.

Sai batun kalmar sirrin da ake ce maka ba ita ba ce. Nan ma akwai tarko. Da ka buɗe sabuwar laftof, Windows ta sa ka shiga da asusun Microsoft, ta kuma sa ka ƙirƙiri PIN. In ka nufi akwatin, da wannan asusu take fara sallama, akwatin kuma bai san shi ba. Mutane da yawa in taga ta fito sai su buga PIN ɗinsu. PIN ba ya fita daga cikin kwamfutar da aka ƙirƙire shi, ba shi da amfani a netwok. Abin da ake nema shi ne suna da kalmar sirrin asusun da ke cikin akwatin. Ka danna More choices, ka zaɓi amfani da wani asusu, a wurin suna ka rubuta sunan akwatin, sai layi mai jirkicewa baya, sai sunan asusun. In kuma ka taɓa sa wadda ba daidai ba ka ce a haddace, tana nan a ajiye tana ta yi maka ɓarna a ɓoye. Buɗe Credential Manager, ka shiga Windows Credentials, ka goge duk abin da ke ɗauke da suna ko adireshin akwatin. Sannan a Command Prompt ka buga:

net use * /delete

Wannan zai yanke duk tsofaffin igiyoyin da ke tsakaninku. Yana kuma warkar da kuskure mai lamba 1219, wanda ke fitowa in ka nemi shiga akwati ɗaya da suna biyu a lokaci guda, don Windows ba ta yarda da haka. Ka yi hattara da yawan gwaji kuma: akwatuna da yawa suna toshe adireshin da ya yi kuskuren kalmar sirri sau da yawa a jere, sai ka duba jerin waɗanda aka toshe ka ga ko laftof ɗinka tana ciki. Na sha ganin wanda ya gyara komai daidai amma akwatin ya riga ya sa shi a baƙin littafi tun da safe.

In abin da kake rabawa folda ce daga wata kwamfutar Windows ba akwati ba, ƙarin abu ɗaya: izini hawa biyu ne, na shafin Sharing da na shafin Security, kuma wanda ya fi tsanani a cikinsu shi ke yin hukunci.

Mu dawo kan SMB1. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, ta kulle fayilolin kwamfutoci fiye da dubu 200 tana neman kuɗin fansa, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa soke ganin marasa lafiya. Ta hanyar wani rami a SMB1 ta riƙa tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba tare da kowa ya danna komai ba. Wata guda bayan haka NotPetya ta bi ta wannan ramin. An toshe wancan ramin, amma ginin kansa tsoho ne: ba ya ɓoye bayanai, kuma ba shi da kariyar da za ta hana wani ya shiga tsakani ya yaudare shi. Samba ma ta kashe shi daga sigar 4.11 a 2019. Mai gyaranka ba mugunta yake nufi ba, ya ga cewa in an kunna akwatin yana dawowa cikin jeri, don tsohon mai shela ya farfaɗo. Sai dai ka buɗe ƙofar baya ne don kawai ka ga suna a jeri, alhali adireshi na hannunka.

Kana iya sanin ko akwatinka yana buƙatarsa da gaske. Je kan tsohuwar kwamfutar, in Windows 8 ce ko sama, buɗe wata folda ta akwatin, sannan ka buɗe PowerShell a matsayin admin ka rubuta Get-SmbConnection. Dubi layin Dialect. In ka ga lamba mai farawa da 2 ko 3, akwatin ya iya sabon yare, maganar SMB1 ta mutu, har ita tsohuwar ma ka cire mata shi ta Windows Features, in Windows 8.1 ce ko sama. In ka ga mai farawa da 1, shiga saitin akwatin ka ɗaga shi, don yawancin waɗanda aka ƙera a shekaru goma da suka wuce sun iya SMB2, ba a kunna ba ne kawai.

Inda abin yake da wuya shi ne masu cusa diski a ramin USB na bayan rauta. Tsofaffin rautoci da yawa SMB1 kaɗai suka sani, kuma masu ƙera su sun daina fitar musu da sabuntawa. Haka wasu tsofaffin firintoci masu aika abin da suka ɗauka zuwa folda. A nan nakan ce a zare diskin a jona shi a kwamfutar da ba a cika kashewa ba, ko a ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi, a raba daga can. Ko ba don tsaro ba, gudun da ake samu ta ramin rauta ba ya taka kara ya karya, kuma in diskin FAT32 ne, fayil ɗaya ba zai wuce gigabayit 4 ba, bidiyon biki ɗaya ya isa ya maƙale. Kuma kowane iri kake da shi, kada ka buɗe ƙofa 445 ko shafin akwatin ga intanet don ka riƙa shiga daga waje. A 2022 manhajar fansa ta DeadBolt ta kulle dubban akwatunan ajiya da aka bari a buɗe haka.

In kana so waya ta shiga ita ma, a iPhone manhajar Files tana da Connect to Server, sai ka rubuta smb:// da adireshin. A Mac kuma Command da K a cikin Finder. In wata manhaja a iPhone ta kasa ganin komai a gida, duba Local Network a ƙarƙashin Privacy, wataƙila ranar farko da ta nemi izini an danna a'a.

A daren nan ga abin da zan so ka yi, kuma a jere: ipconfig a laftof, ka tabbata waifan gida take ba na baƙi ba, gwajin ƙofa 445, sannan ka buɗe asusu a akwatin, ka goge tsofaffin kalmomin sirri, ka shiga da adireshi. Ina kyautata zaton a nan zai buɗe. In ya ƙi, turo mini abin da winver ya nuna, adireshin laftof da na akwatin, True ko False na gwajin ƙofa, samfurin akwatin, da ainihin kalmomin kuskuren kamar yadda suka fito a allo. Kalmar sirrinka kuwa ka bar ta a wurinka, ba na buƙatarta.